Amsoshin Tambayoyinku: Jar riga mai lamba 11, da abin da ke biyo bayan tafin 'yan kallo

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon wasiƙu uku ne suka faɗo kan abu ɗaya, wato ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, shi ya sa na haɗa su waje guda, ta farko ce za ta ci mana wuri sosai don akwai magana a cikinta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanina da ke karatu a jihar Arizona ta Amurka ya aiko min tsarabar wata jar riga mai lamba 11 an rubuta Fitzgerald a bayanta, da na tambaye shi sai yace wani babban ɗan wasa ne na garinsu amma ya daina bugawa, wai kuma bai taɓa cin kofi ba. To ni abin ya ɗaure min kai, ya za a yi mutum bai ci kofi ba a yi ta ɗinka riga da sunansa? Waye shi, me yake yi a fili, kuma yanzu ina yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Ɗan uwa ka riƙe rigar nan da kyau, ƙaninka bai yi maka tsarabar banza ba. Amma kafin in gaya maka waye mai sunan bari in ɗan warware maka aikin da yake yi, don in ba ka gane aikin ba lissafin da zan kawo ba zai shige ka ba.

Wasan nan ba irin tamaular da muka sani ba ce, ƙwallon ma ba mulmulalliya ba ce, doguwa ce kamar gwanda mai tsini biyu, kuma yawanci da hannu ake yi. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, tsawon filin yadi 100, yadi dai irin wanda tela ke aunawa, sannan a kowane ƙarshe akwai wani yanki na yadi 10 wanda duk wanda ya shiga da ƙwallo a hannunsa ko ya cafe ta a ciki ya ci maki 6, shi ne suke cewa tocdawun. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Akwai mai jifa, kwatabak kenan, shi ne kamar direban motar. Sai kuma masu cafewa da ake ce wa risiba, su ne ke tsayawa can gefe kusa da layi, da an fara sai su zura da gudu ta wata hanya da suka haddace tun a atisaye, taku kaza sannan ka karya dama, ko ka yi kamar za ka wuce ka dawo, kuma sau da yawa kafin ma ya waiwayo mai jifa ya riga ya saki ƙwallon, yarda ce kawai tsakaninsu cewa zai iso wurin a daidai lokacin. In a bakin layi ya cafe dole ƙafafunsa biyu su taɓa cikin fili ko a ce bai cafe ba. Kuma ka tuna lokacin da ya ɗaga hannu sama yana kallon ƙwallo haƙarƙarinsa a buɗe yake, ga ƙato mai kilo 100 ya taho a guje zai bangaje shi, ya san da zuwansa amma bai isa ya ɗauke ido daga ƙwallon ba. To wannan aikin Larry Fitzgerald ya yi shekara 17, daga 2004 zuwa 2020, duka a ƙungiya ɗaya, Arizona Cardinals.

An haife shi ranar 31 ga Agusta 1983 a Minneapolis da ke jihar Minnesota. Babansa ɗan jarida ne mai rubuta labarin wasanni, ta nan ne yaron ya samu shiga wajen ƙungiyar garinsu Minnesota Vikings yana musu aikin yaron tsintar ƙwallo, ya ɗauko wannan ya miƙa wancan, a daidai zamanin da Cris Carter da Randy Moss ke cafe wa ƙungiyar, su biyun nan kuwa duk suna cikin manyan risiba da aka taɓa yi. Kaga zama da maɗaukin kanwa kenan, yaro yana tsaye taku biyar daga gwanaye kullum yana ganin yadda suke sa hannu da yadda suke karya kwana. Kakansa na wajen uwa kuma likitan ido ne a Chicago, in ya je hutu yakan sa shi wasu atisaye na ido da hannu, wanda tun asali don karatunsa aka fara su amma suka zo suka yi masa rana a fili. Karatun nasa dai da farko bai yi kyau ba, makinsa na sakandare bai kai na shiga jami'a ba, sai da aka tura shi wata makarantar horon soja mai suna Valley Forge a Pennsylvania ya gyara, sannan ya shiga Jami'ar Pittsburgh a 2002.

A jami'a shekara biyu kacal ya buga amma ya ci tocdawun 34 a wasa 26, har da jerin wasa 18 a jere ba wanda bai ci ba, a 2003 ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i. Sai dai wannan shekarar ta 2003 ita ce kuma mafi ɗaci a rayuwarsa. Mahaifiyarsa Carol ta daɗe tana fama da sankarar mama, a watan Afrilu ta rasu, yana ɗan shekara 19. Abin da ya fi taɓa ni a labarin, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki, shi ne sun samu saɓani da ita kafin nan, an ɗau lokaci ba sa magana, irin taurin kan nan na samartaka, da aka kira shi ya taho gida ta riga ta fita hayyacinta, bai samu ya nemi gafararta tana ji ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, duk wanda mahaifiyarsa ke raye yana kuma riƙe da wani fushi a ransa ya ɗaga waya yau ba gobe ba. Dogon gashin nan da za ka gani yana leƙowa ta ƙarƙashin hular kwanonsa a hotuna, don tunawa da ita ya bar shi. Kuma akwai alƙawarin da ya yi mata cewa ko ya shiga ƙwallon kuɗi zai gama digirinsa, ka riƙe wannan zan dawo kai.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2004 shi aka ɗauka na uku a duk ƙasar, kuma kocin Cardinals da ya ɗauke shi, Dennis Green, shi ne dai kocin Vikings na lokacin da yake yaron tsintar ƙwallo, ya san shi tun yana ƙarami. Ba shi ne ya fi kowa gudu ba, ko kusa, amma dogo ne mai ƙiran ƙarfi kuma hannunsa kamar an shafa danƙo, in ƙwallo ta tashi sama tsakaninsa da mai tsaronsa to ka ƙaddara tasa ce.

Yanzu maganar kofi. Cardinals ƙungiya ce da ta daɗe cikin wahala, rabonta da zama zakara tun 1947 lokacin ma tana Chicago. A kakar 2008 sun ci wasa 9 an cinye su 7, ba wanda ya sa su a lissafi, mai jifansu Kurt Warner ya manyanta, mutum ne da ya taɓa aikin jera kaya a kanti kafin Allah ya ɗaga shi. Sai aka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale Fitzgerald ya zama wani abu daban, a wasa huɗu ya cafe ƙwallo 30, yadi 546, tocdawun 7, a wasan kusa da na ƙarshe da Philadelphia uku ya zura tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Haka suka kai wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl, ranar 1 ga Fabrairu 2009 a birnin Tampa, da Pittsburgh Steelers.

Na kalli wasan nan, a nan gida ya kama tsakar dare ne ga sanyin hunturu, mu ƙalilan ne muka jure. Daf da hutun rabin lokaci Cardinals na bakin cin maki sai wani ɗan bayan Steelers James Harrison ya tare jifan ya ruga da ita tun daga wannan ƙarshen fili har wancan, yadi 100 cur, kuma wanda ya bi shi har ya kamo shi a bakin layi Fitzgerald ne, sai dai ya makara da taku ɗaya. Aka shiga zango na huɗu, wato na ƙarshe, Steelers na da 20 Cardinals na da 7, shi kuma kusan duk wasan an kulle shi mutum biyu-biyu ke tsaronsa. Can sai ya yi tsalle ya cafe ɗaya a saman kan mai tsaronsa, aka rage. Saura minti 2 da daƙiƙa 37 Warner ya jefa masa wata gajeriya a tsakiyar fili, ya cafe ya ratsa tsakanin 'yan baya biyu kamar an buɗe masa ƙofa, ya miƙe yadi 64, yana gudu yana ɗaga kai yana kallon babban allon filin don ya ga ko akwai mai binsa a baya, babu. Cardinals 23, Steelers 20. Babansa na zaune a benen 'yan jarida yana ɗauko rahoton wasan, aikinsa ya hana shi ya tashi ya yi ihu. Mu kam mun yi. Sai dai minti biyu da rabi a wannan wasan lokaci ne mai tsawo, Steelers suka taho sannu a hankali, saura daƙiƙa 35 Santonio Holmes ya cafe wata a can lungun fili da yatsun ƙafarsa biyu kawai a ciki, aka tashi 27 da 23. Fitzgerald na gefe yana kallo ba abin da zai iya, don a wasan nan masu kai hari daban masu tsaro daban, in ba lokacinka ba ne sai dai ka tsaya ka zuba ido. Wannan shi ne kusan da ya yi da kofi, bai sake zuwa wasan ƙarshe ba.

To kaga amsar tambayarka ta fara fitowa. Risiba komai gwanintarsa sai an jefo masa, kuma bayan Warner ya yi ritaya a farkon 2010 Cardinals suka shiga canje-canjen masu jifa, yau wannan gobe wancan, yawancinsu ba su kai ba, shekarun da ya fi ƙarfi a jiki a nan suka tafi, a 2012 ma ko yadi 800 bai kai ba. Da wani ne da tuni ya tada rigima a jarida ya ce a sayar da shi, abin da aka saba gani kenan musamman wajen risiba, an san su da son a gan su. Shi bai yi ba, a 2011 ma sabuwar kwantiragi ya sa wa hannu ta shekara 8 wadda za ta iya kai dala miliyan 120. Wasu za su ce ai kuɗin ne suka zaunar da shi, ban musa ba kuɗi sun taka rawa, amma irinsa ko ina ya je zai samu kuɗi, kuma da ya samu kofin a wani wuri.

Abin da ya fi burge ni ma ya zo ne a 2013, da sabon koci Bruce Arians ya ce masa ya bar gefe ya koma ciki kusa da ƙattin layi, wato ƙattin da ke jeruwa a gaban mai jifa suna kare shi, inda aikin ya haɗa da tare mutane da ƙirji don wani ya wuce, aikin da manyan taurari ke ganin ya yi musu ƙanƙanta. Yana ɗan shekara 30 ya koma koyon sabon aiki kamar sabon shiga, ba a ji bakinsa ba. Sakamakon kuwa, ya cafe 109 a 2015, 107 a 2016 wanda ya fi na kowa a gasar a shekarar, sannan 109 a 2017 yana da shekara 34. A watan Janairun 2016 akwai wasan da mutanen Arizona ba za su manta ba, da Green Bay, an tafi ƙarin lokaci, a taɓawar farko mai jifansu Carson Palmer ya kuɓuce wa masu kama shi ya jefa masa can ɗaya gefen inda yake shi kaɗai, ya ruga yadi 75 yana kauce wa mutane ɗaya bayan ɗaya har sai da aka kayar da shi saura yadi 5, bayan nan kuma shi aka miƙa wa ya ƙarasa, aka tashi 26 da 20. Mako na gaba Carolina ta lallasa su 49 da 15, shikenan.

Jimillar abin da ya bari: cafewa 1,432, yadi 17,492, tocdawun 121. A cafewa da yadi mutum ɗaya ne kawai ke gabansa a tarihin NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, lokacin da ya tsaya, wato Jerry Rice mai 1,549 da yadi 22,895. Sau 11 ana zaɓensa cikin wasan taurari. Ya kuma yi wasa 256 a jere ba wanda ya fita bai cafe ko ɗaya ba.

Ina yake yanzu? Bayan kakar 2020 kawai bai dawo ba, ba taron 'yan jarida ba hawaye ba zagayen bankwana, da aka matsa masa da tambaya a 2021 sai yace shi dai ba ya jin sha'awar bugawa a yanzu, daga nan bai sake saka hular ba. Kuma bai fita yana lalube ba, don tun yana bugawa ya gina inda zai koma. Alƙawarin nan da ya yi wa mahaifiyarsa ya cika shi a 2016, ya karɓi digirinsa a fannin sadarwa daga University of Phoenix, shekara 13 bayan rasuwarta, miloniya ne a lokacin ba abin da takardar za ta ƙara masa a aljihu, yana karatun ne tsakanin atisaye da tafiye-tafiye. A kakar 2016 ɗin dai aka ba shi kyautar Walter Payton ta ɗan wasan da ya fi hidima wa jama'a, shi da Eli Manning, mai jifan New York Giants na lokacin, suka raba. Yana da gidauniya mai tallafa wa yara, akwai kuma asusun da iyalinsu suka kafa da sunan mahaifiyar don yaƙi da sankarar mama da cutar ƙanjamau, aikin da ita ma ta yi tana raye. Ya zo Afirka ba sau ɗaya ba, a 2012 shi da tsohon abokin wasansa Anquan Boldin sun je Habasha tare da ƙungiyar Oxfam wajen manoman da fari ya shafa, ya kuma bi tawagar masu raba na'urar ji ga kurame zuwa ƙasashe da dama. A Janairun 2020 ya sayi ɗan kaso a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Phoenix Suns, a 2022 ya sa jari a ƙungiyar kurket ta Rajasthan Royals a Indiya, ya zauna a kwamitin daraktocin kamfanin kayan wasanni na Dick's Sporting Goods, ya yi sharhin wasa a tashar ESPN, yana kuma buga golf sosai har ya ci gasar Pebble Beach ta haɗin ƙwararru da 'yan sha'awa sau biyu, 2018 da 2020. Ko da Sanata John McCain na jihar Arizona ya rasu a 2018 yana cikin 'yan ƙalilan da aka zaɓa suka yi jawabi a taron makokinsa a Phoenix, ka duba fa, baƙar fata ɗan ƙwallo mai dogon gashi a makokin dattijon ɗan siyasa, wannan kaɗai ya ishe ka sanin matsayinsa a jihar. Don haka ɗan uwa mutanen can ba kofi suke tunawa ba in sun sa lamba 11, mutumin da ya zauna da su shekara 17 ana daɗi ana wuya suke tunawa.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, ɗana ya kamu da kallon wasan nan a waya, da na leƙa sai na ga ƙatti na gwara kai kamar raguna. An ce min wai 'yan wasan da yawa suna samun taɓin ƙwaƙwalwa in sun tsufa, wasu ma ba sa kai tsufan. Gaskiya ne ko ƙari ake yi? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

AMSA: Hajiya ba ƙari ba ne, kuma na ji daɗi da tambayarki ta zo a wannan makon, don kar labarin da na bayar a sama ya sa a ɗauka kowa haka yake ƙarewa. Akwai wata cuta da ake taƙaita sunanta da CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke zuwa daga yawan bugun kai, ba sai bugun da ya sumar da mutum ba, har ƙananan da ake yi kullum a atisaye shekara da shekaru su ne ke taruwa. Alamominta mantuwa, saurin fushi, baƙin ciki mai tsanani, wasu su faɗa shaye-shaye, kuma har yanzu ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya mutu an duba ƙwaƙwalwarsa. Hular kwanon nan tana kare ƙoƙon kai daga fashewa amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

Wanda ya fara gano ta a jikin ɗan wasan NFL ma ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Yana aikin binciken gawa a Pittsburgh a 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon Steelers da ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi shekaru cikin ruɗewa har yana kwana a mota. Omalu ya duba ƙwaƙwalwar ya ga abin da ya gani ya wallafa a 2005, likitocin hukumar gasar suka taso masa suka nemi a janye rubutun, sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 suka samu cutar a 110. Sai dai a yi adalci, waɗannan iyalansu ne suka bayar da su saboda dama sun ga alamu, don haka ba a ce kowane ɗan wasa haka yake ba, amma ko yaya aka juya lissafin abin tsoro ne.

A cikin masu cafewa kaɗai, shekarar 2021 ta tafi da biyu. Vincent Jackson da ya buga wa San Diego da Tampa Bay, an tsinci gawarsa a ɗakin otal a Florida a watan Fabrairu yana da shekara 38, mutum ne mai iyali mai kasuwanci mai gidauniyar taimakon iyalan sojoji, wato shi ma ya yi tanadin bayan ritaya kamar yadda ake so, amma bincike ya nuna giya ta ci jikinsa kuma yana da CTE mataki na biyu. A Disamba sai Demaryius Thomas na Denver, wanda shi ya ci kofin ma, ya rasu a gidansa a Georgia yana da shekara 33, yana fama da farfaɗiya, shi ma aka samu cutar a ƙwaƙwalwarsa. Labarin Jackson ne ya fi tsaya min, don ya nuna ba kullum rashin dabara ko almubazzaranci ke kayar da su ba, wani lokacin tun a fili aka riga aka yi ɓarnar. Shi ya sa ban ga laifin Calvin Johnson na Detroit ba, wanda a 2012 ya kafa tarihin yadi 1,964 a kaka ɗaya, amma a Maris 2016 yana ɗan shekara 30 ya ajiye ya ce jikinsa ya gaji da ciwo, mutane suka yi ta surutu wai ya yi wuri. Kallo dai Hajiya ba ya cutar da yaronki, in kuma bugawa yake sha'awa akwai nau'in da ba a bangaza, ana ɗaura ƙyalle a ƙugu ne in an fizge shi an tsayar da kai kenan, har an sa shi cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles, wannan ki bar shi ya yi.

TAMBAYA: Yaya shin akwai ɗan Najeriya da ya taɓa yin wannan aikin na cafewa a NFL, kuma mu da ke gida akwai hanyar shiga? Daga wani ɗalibi a Jos.

AMSA: Akwai ƙanina. Nelson Agholor a Legas aka haife shi a 1993, iyayensa suka koma Amurka yana ƙarami ya tashi a Florida, Philadelphia Eagles suka ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2015, ya sha suka a shekarunsa biyu na farko saboda ƙwallo na suɓuce masa, amma a Super Bowl na Fabrairun 2018 ya cafe 9 suka doke New England suka ɗau kofi. Kafin shi akwai Christian Okoye ɗan Enugu, shi ba risiba ba ne, mai rugawa da ƙwallo ne, da wasan jifan faifai ya je Amurka bai taɓa zari-ruga ba sai da ya girma, amma a 1989 ya fi kowa yadi a guje a duk gasar. Hanya daga gida kuwa, NFL na da shirin ɗauko 'yan ƙasashen waje tun 2017, kuma Osi Umenyiora tsohon ɗan wasan New York Giants yana zagayawa neman matasa, an yi sansanin gwaji a Ghana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024. Sai dai in gaya maka gaskiya yawanci ƙatti masu tsayi da nauyi suke ɗauka don aikin layi, saboda aikin cafewa yana son wanda ya fara tun yana yaro. Ƙungiyoyi 32 ne kacal kowacce mutum 53, matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara uku da 'yan kai ba, kuma yawancin kwantiragin ba a lamunce kuɗinsu duka ba, in aka sallame ka ragowar ya tafi. In ana gwaji kusa da kai ka je, amma da katin makarantarka a aljihu, kuma ka sake karanta amsar da na ba Hajiya kafin ka tafi.